Labarin Tsibirin Da Ya Ƙone Ya Sake Zama Kurmi

Ku sani, a cikin teku tsakanin Jawa da Sumatara akwai wani tsibiri ana ce da shi Karakatau. Ran 27 ga Agusta 1883 dutsensa mai aman wuta ya fashe, har aka jiwo ƙararsa daga nisan kusan mil 3,000. Mutum fiye da 36,000 suka halaka a garuruwan gaɓa, galibi saboda ambaliyar teku. Kashi biyu cikin uku na tsibirin ya nutse, sauran kuwa toka mai zafi ta binne shi, ba ciyawa ba tsuntsu.

Cikin 1884 wani Bafaranshe, Cotteau, ya sauka can. Iyakar mai rai da ya gani gizo-gizo ne guda ɗaya, wanda iska ta kawo. Cikin 1886 Treub, masanin tsire-tsire na Holan, ya tarad da gansakuka ta lulluɓe tokar, bisanta kuma ga waɗansu tsire-tsire marasa fure, masu iri kamar ƙura. A bakin gaɓa kuwa igiyar ruwa ta yi ta kawo 'ya'yan itatuwa. Kafin 1897 kyauro da dogayen ciyayi sun cika fili.

To, a nan abin lura yake. Kowane jinsi ya zo sai ya gyara wa na bayansa wuri, sa'an nan na bayan ya ƙwace masa. Ganyen ciyawa ya ruɓe ya zama taki, itatuwa suka sami gindin zama. Tsuntsaye da jemagu suka riƙa zuwa da 'ya'yan ɓaure a cikinsu, suna kasayar da su. Da ɓaure ya yi 'ya'ya sai ya jawo waɗansu tsuntsayen, su kuma suka zo da sabon iri. Wajen 1930 kurmi ya rufe, inuwa ta kashe ciyawar da ta share masa hanya, tsuntsayen fili suka ragu, na duhuwa suka gaje su.

Masana biyu na Amurka, MacArthur da Wilson, sun bayyana cikin 1967 cewa yawan jinsunan tsibiri yana bin abu biyu: girmansa da kusancinsa da babbar ƙasa. Fatake sun san misalin wannan, don kasuwar da ke bakin hanya ta fi ta lungu yawan haja. Karakatau mil 25 ne ko kusa da haka daga Jawa da Sumatara, shi ya sa baƙi ba su yanke masa ba.

Saura a ƙasar Hausa ta fi shi saurin farfaɗowa, gama saiwar sabara da kalgo tana nan da rai ƙarƙashin ƙasa. Amma in aka tone kututture, aka sare dajin da ke kewaye, aka ƙarar da tsuntsu da jemage, to, ba mai kawo iri, fili zai daɗe fayau. Wasalam.