Roba da Abincin 'Ya'yan Kifi a Gulbin Rima

Masuntan ƙasar Sakkwato sun raɗa wa kowane kifin da ke faɗawa komarsu suna: karfasa, tarwaɗa, ragon ruwa, giwan ruwa, har da gaiwa mai kwana cikin laka. Amma akwai wasu halittu cikin ruwan nan da Hausa ba ta yi musu suna ba, domin kuwa ido bai cika ganinsu ba. Masana kimiyya na ce musu zuplankton, watau ƙananan dabbobin da ke shawagi a ruwa, galibinsu ba su kai ƙwayar gero ba. Za a iya kiransu tsakin ruwa, gama yadda tsaki yake ga 'yan kaji, haka suke ga 'ya'yan kifi. Su suna cin gansakuka, ɗan kifi kuma da su yake buɗe baki bayan ƙyanƙyasa.

Irin waɗannan halittu sun fi yaɗuwa a ruwan da ya kwanta. Saboda haka tun da aka kammala madatsar Goronyo a 1984, Gulbin Rima ya sami babban rumbunsu. To, amma ruwan da ya kwanta shi ne kuma matattarar abin da damina ta kwaso daga kasuwanni da gonakin ban-ruwa, tun daga kan leda da buhun taki har zuwa tsohon tiyo da takalmin roba. Haka abin yake a tafkunan fadamun Wurno da Rabah.

Ƙazantar da ido ke gani ita ce mai sauƙi. Akan haɗa roba da wasu sinadarai: bisfenol A a roba mai tauri da rufin cikin gwangwani, da kuma fitalat, wanda ke sa tiyo ya yi laushi. Shi fitalat bai kama jikin roba sosai ba, yakan tsattsafo cikin ruwa a hankali, zafi kuma yana gaggauta shi. Wanda ya san ranar Afirilu a Goronyo ba ya bukatar ƙarin bayani.

Illarsu kuwa ga yadda take. A jikin kowace dabba akwai sinadaran saƙo da ake kira homon, waɗanda ke aiki kamar jakadun fada: su ke kai umurnin girma da balaga da haihuwa. Sinadaran roba sojan gona suke yi. Sukan shiga da kamar jakada, jiki ya karɓi saƙon ƙarya ya yi aiki da shi, ko kuma su tare ƙofa su hana na gaskiya shiga. Tun a 1936 Dodds da Lawson suka nuna a Landan cewa bisfenol A yana kwaikwayon homon na mata. Da yawa daga cikin tsakin ruwa dangin ƙaguwa ne, ba sa girma sai sun yi saɓa kamar maciji, ita saɓar kuma homon ke ba da izininta. Gwaje-gwaje sun nuna cewa sinadaran nan na iya jinkirta musu girma, su kuma dagula yadda suke yin ƙwai. Ɗan hakin da aka raina ke nan.

Har ila yau, ita kanta robar takan rududduge ta zama gari. A 2013 Matthew Cole da abokan aikinsa a Ingila sun nuna cewa tsakin teku yana haɗiye garin nan. A 2015 kuma suka ga wani iri da ya ci shi ya rage cin abinci, ƙwansa ya ƙanƙance, wanda ke ƙyanƙyashewa ya ragu. Kada a ce teku ta yi nisa. Ruwan Rima yana bi ta Sakkwato da Argungu ya faɗa Kwara, Kwara kuma ta kai shi teku, ambaliya irin ta 2010 kuwa takan tafi da sharar shekaru a 'yan kwanaki.

Ƙungiyar Tarayyar Turai ta hana sa bisfenol A cikin kwalaben shayar da jarirai a 2011, ta faɗaɗa hanin zuwa mazuban abinci a ƙarshen 2024. A bakin gulbi kuwa, idan tsaki ya ragu ba a ganin mushen kifi bisa ruwa. 'Ya'yan ne ke mutuwa tun suna kamar zare, sai bayan shekara ɗaya ko biyu masunci ya ga koma ta yi sauƙin ja, ya ɗora laifin a kan ƙarancin ruwa ko masu kamu da raga mai ƙananan idanu.