Injin Ces da Dokokin Danginsa: Yadda Ake Saita Kwamfuta Ta Yi Nazarin Wasa

Yau za mu zauna ne a gaban allon darar ces, mu ga yadda ake sa kwamfuta ta yi nazarin wasannin da suka haɗa kaka da ces amma dokokinsu suka sha bamban.

Ku ɗauka wasa ya zo ƙarshe. An cinye wa ɗan wasa kowa da kowa, saura sarkinsa shi kaɗai a lungu. Ba a kai masa hari ba, amma duk gidan da zai taka akwai mai jiransa, kuma shi ne da tafiya. A ces ɗin da ake bugawa a gasar duniya, wannan canjaras ne. A shiyangci, darar mutanen China, wanda ya rasa tafiya ya faɗi. A shaɗaranji kuwa, wadda gwanaye irin su As-Suli suka buga a fadar Abbasiyawa a Bagadaza, a mafi yawan al'ada tun da aka bar sarki ba kowa an riga an ci wasa. To idan ka kai wa kwamfuta wannan tambaya, wace amsa za ta ba ka? Za ta ba ka amsar dokar da aka ɗora mata, kuma ba za ta yi maka gargaɗi ba idan dokar ba ta wasanka ba ce.

Abin da masu harkar ke kira inji manhaja ce mai lissafa tafiye-tafiye, tana hango miliyoyin matsayi cikin daƙiƙa, ta zaɓi wanda ya fi. Mafi shahara shi ne Stockfish, wanda ya fito a 2008, kyauta ne, kuma kowa na iya buɗe cikinsa ya gyara. Sai dai Stockfish ces kaɗai ya sani, da ɗan'uwansa Chess960 da Bobby Fischer ya gabatar a birnin Buenos Aires a 1996, inda ake yamutsa jerin manyan 'ya'yan wasa kafin a fara. Kasancewar kowa na iya gyara Stockfish ne ya ba wani Bajamushe, Fabian Fichter, damar fitar da Fairy-Stockfish, injin da ke buga shiyangci, da shogi na Japan, da jangi na Koriya, da makruk na Tailan, da sittuyin na Myanmar, da shaɗaranji, da wasu da dama. Kafin shi, H. G. Muller na ƙasar Holand ya yi Fairy-Max, ƙaramin inji da ake rubuta wa dokokin wasa a cikin fayil.

Inji ba shi da fuska. In ka buɗe shi haka nan, baƙin shafi kawai za ka gani yana jiran umarni. Dole a haɗa shi da manhajar da ke zana allo, irin su WinBoard ko XBoard ko Cute Chess, kuma dole su biyun su ji yaren juna. Yaren da ya fi yaɗuwa shi ne UCI, wanda ya fito a 2000. XBoard na da nasa, masu shogi suna da USI, masu shiyangci suna da UCCI. Fairy-Stockfish yana jin dukkansu. A nan ne mutane da yawa ke fara tuntuɓe: inji ya san wasan, allon bai san shi ba, sai ka tura tafiya halastacciya allo ya ƙi karɓa. Haka kuma girman allo. Shiyangci layi 9 ne a 10, shogi 9 a 9, don haka sai ka sauke nau'in injin da aka gina domin manyan alluna, ba na 8 a 8 ba.

Bayan haɗawa, abu na farko shi ne zaɓin da ake kira UCI_Variant, wurin da ake gaya wa inji sunan wasan. In ka manta da shi, ces zai ɗauka ana yi. Sauran saiti ba su da wuya. Threads shi ne yawan sassan ƙwaƙwalwar kwamfuta da ka ba shi, Hash shi ne wurin ajiyar abin da ya riga ya lissafa, MultiPV kuma yawan tafiye-tafiyen da kake so ya jera maka. Mai nazari ya sa uku ko huɗu, don ya ga ko tafiya ɗaya ce tilo ke cetonsa ko yana da zaɓi.

Sai matsayin da za a ba shi. Ana rubuta shi da tsarin FEN, layi ɗaya na haruffa da lambobi. Wasu wasannin suna buƙatar ƙari. A shogi da crazyhouse, ɗan wasan da ka ci yana zama naka, kana iya dawo da shi kan allo, saboda haka dole a rubuta abin da ke hannun kowa. Ka manta da doki ɗaya a hannun abokin karawarka, inji zai ce kana cikin aminci alhali tafiya biyu ta rage a gama da kai.

Inda abin ya fi burge ni, masu sauraro, shi ne wasan da injin bai taɓa jin labarinsa ba. Fairy-Stockfish yana karanta wani fayil mai suna variants.ini, kuma kowa na iya rubuta sabon wasa a ciki ba tare da ya iya haɗa manhaja ba. Ka rubuta sunan wasan, da wasan da ya gaji dokokinsa, da girman allo, da jerin farawa, da yadda ake cin nasara. Tafiyar 'ya'yan wasa kuwa ana rubuta ta da haruffan da Ralph Betza ya tsara. W taki ɗaya ne gaba, baya ko gefe, kuma daga sunan waziri aka ɗauko shi. F taki ɗaya ne a karkace. A tsallen giwa ne, gida biyu a karkace, kamar yadda take yi a shaɗaranji. N doki ne. Haɗa W da F, ka sami tafiyar sarki. Ƙananan haruffa su ke sa sharaɗi: m tafiya ba ci, c ci kawai, f gaba kawai. Ku dubi igwar shiyangci. Tana zarcewa a miƙe kamar hasumiya, amma ba ta ci sai ta tsallake wani ɗan wasa guda da ke tsakani. Haruffa biyar sun ishe ta: ƙaramin m, babban R, ƙananan c da p, babban R. Ka cire p ɗin nan, igwa ta koma hasumiya, kuma duk nazarin da ya biyo baya na wani wasa ne daban.

Shi ya sa 'yan dararmu ta gida, kafin a dasa tsinke ko dutse na farko, sukan tsaya su daidaita a kan dokar da za a bi. Da inji ma sai an yi haka, kuma akwai hanyar gwadawa. Ana kiranta perft: ka umarce shi ya ƙirga duk tafiye-tafiyen da doka ta yarda da su. A farkon ces amsar 20 ce, bayan tafiya biyu 400, bayan uku 8,902. A farkon shiyangci 44, a shogi 30. In wasanka sabo ne, zauna ka ƙirga da hannu, ka kwatanta da na inji. Kada ka tsaya a farkon wasa kawai: gwada inda soja ke samun ƙarin girma, gwada inda sarki ya rasa tafiya. A ganina wanda ya tsallake wannan mataki bai kamata ya yaɗa sakamakon nazarinsa ba.

Ko dokoki sun daidaita, saura ma'auni. Injinan yau suna auna matsayi da wata dabarar koyo da ake kira NNUE. Yu Nasu na Japan ne ya ƙirƙiro ta a 2018 domin shogi, sai a 2020 ta shiga Stockfish 12, wato ces ce ta ci arzikin 'yar'uwarta. Kowane wasa da nasa fayil ɗin NNUE, kuma a Fairy-Stockfish sunan fayil ɗin dole ya fara da sunan wasan. Idan babu shi, inji zai koma ga ƙiyasin da aka rubuta da hannu, wanda ƙarfinsa bai kai ba. Don haka in ya nuna kana gaba da maki ɗaya da rabi a wasan da aka ƙirƙiro jiya, ɗauke shi a matsayin ra'ayi. Ka bar shi ya zurfafa, ka sa ya kara da kansa sau da yawa, ka ga ko lambar za ta tsaya. Littattafan buɗe wasa da teburan ƙarshen wasa na ces kuwa, a kashe su gaba ɗaya.

In an yi aikin da kyau, sakamakon ba ƙarami ba ne. A 2016 Mark Watkins ya tabbatar da taimakon kwamfuta cewa a ces ɗin da ake rige-rigen zubar da 'ya'ya, fari zai ci wasa in ya fara da tura sojan gaban sarki taki ɗaya. A 2020 kamfanin DeepMind da tsohon zakaran duniya Vladimir Kramnik sun gwada sauye-sauyen doka guda tara da injin AlphaZero, don su ga wanne ke rage canjaras. Wanda kuma ba shi da kwamfuta mai ƙarfi, shafukan Lichess da PyChess suna da allon nazari na wasanni da dama, ko a waya ana buɗe su. Amma a yi nazari bayan an tashi daga wasa. Leƙen inji ana tsakiyar karawa maguɗi ne.

Wannan iyali na wasanni ya iso ƙasarmu ma. Marubutan zamanin mulkin mallaka sun tarar da manyan Barno suna buga wani nau'in shaɗaranji mai suna tsatsarandi. Inji zai iya buga shi gobe, muddin an sami cikakkun dokokinsa a rubuce. Saboda haka, mai sauraro, in akwai dattijo a gidanku ko unguwarku da ya san yadda ake jera 'ya'yan wannan wasa da yadda kowane ke tafiya, ka je da takarda da biro ka zauna a gabansa, ka tambaye shi har abin da ake yi idan sarki ya rasa gidan takawa.