Sana'ar Gyaran Bishiya: Ladubbanta da Haɗurranta

Gabatarwa

Idan aka ce gyaran bishiya, ana nufin rage mata rassa, ko cire waɗanda suka bushe ko suka kamu da cuta, ko kuwa kayar da ita baki ɗaya idan ta zama barazana ga jama'a. Turawan Ingila kan kira wannan aiki tiyatar bishiya, kuma sunan ya dace, domin abu mai rai ake yanka. A Hausa babu kalma guda da ta tattara aikin. Akwai sara, wanda ya shafi duk wani bugu da gatari ko adda ko barandami, akwai sassabe, wato share fili domin noma, sai kuma faskare da sassaƙa, waɗanda kan zo bayan itace ya riga ya faɗi. Rashin suna na musamman yana daga cikin dalilan da suka sa ba a ɗauki aikin a matsayin sana'a mai ƙa'ida kamar ƙira ko wanzanci ba. Duk wanda ke da gatari da ƙarfin hali sai a kira shi a nuna masa bishiya.

Yadda Bishiya ke Karɓar Rauni

Ladabin farko na wannan sana'a shi ne sanin abin da ake yanka. Binciken wani masani ɗan ƙasar Amurka mai suna Alex Shigo, wanda ya rasu a 2006, ya nuna cewa bishiya ba ta warkewa yadda jikin mutum ke warkewa. Naman da ya lalace ba ya komawa sabo har abada. Abin da bishiya kan yi shi ne ta killace wurin da aka ji mata rauni daga ciki don kada ruɓa ta bazu, sa'annan ta ɗora sabon itace a kai shekara bayan shekara. A gindin kowane reshe akwai ɗan kumburi mai kama da wuya, kuma a nan ne wannan kariya ta fi ƙarfi. Wanda ya aske reshe ƙwal har ya shafe kumburin ya buɗe wa ruɓa da gara ƙofar shiga jikin bishiya. Haka nan wanda ya bar dogon kututture ya bar musu tsanin shiga. Shafa fenti ko baƙin mai a kan yankan, kamar yadda wasu kan yi, ba ya hana ruɓa.

Saboda haka ne ake koyar da cire babban reshe da yanka uku. Na farko ana yin sa daga ƙasan reshen, kimanin ƙafa ɗaya daga jikin bishiya, ba tare da an ratsa ba. Na biyu daga sama, gaba kaɗan da na farko, har reshen ya faɗi. Na uku shi ne cire guntun da ya rage daidai bakin kumburin. Amfanin yankan farko shi ne hana reshe ya ɓare ɓawon bishiya yayin da nauyinsa ya rinjaye shi. Wannan ɓarewa kuwa ita ce kan fizgi tsani ko ƙafar mai aiki, wato ke nan yankan da ya kare bishiya shi ne ya kare mai yankan.

Kuskuren da ya fi yawa a garuruwa shi ne yi wa bishiya ƙwalƙwal, a sare duk kanta a bar gungume tsaye. Dogonyaro, wanda aka shigo da shi lardin Barno a 1928 ya kuma cika tituna da makarantu, shi ya fi shan wannan aski, da yake yana saurin tofowa. To amma sababbin rassan da kan fito a bakin gungumen ba su da tushe mai zurfi a cikin itacen, a ɓawo kawai suke manne. Bayan 'yan shekaru sai su yi nauyi, kuma su ne iskar farkon damina kan karya a kan rufin ɗaki. Ƙa'idar da aka saba koyarwa ita ce kada a raba bishiya da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyenta a lokaci guda. Mafi sauƙi ma shi ne a gyara ta tun tana ƙarama. A nan karin maganar da ke cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi ta yi daidai ko da ba a kai ta ga tarbiyyar yara ba.

Amana a Cikin Sana'ar

Sau da yawa ladan mai sara shi ne itacen da ya saro, wanda zai faskara ya sayar. A irin wannan ciniki, ribarsa na ƙaruwa gwargwadon yawan abin da ya kayar, alhali bukatar mai gida ita ce inuwa ta ɗore. Shi kuwa mai gida bai san adadin da ya kamata a cire ba, ya dogara ne ga maganar wanda ya kira. Hanyar kauce wa wannan ita ce a yanke lada da kuɗi, a kuma nuna rassan da za a cire ɗaya bayan ɗaya kafin a hau. Haka kuma wajibi ne mai aiki ya faɗi gaskiyar abin da ya gani a sama. Idan ya tarar da kogo ko tsagewa, ya faɗa ko da ba a tambaye shi ba. Idan kuma lafiyayyiyar bishiya ce, kada ya tsorata mai ita da cewa ta kusa faɗuwa don ya sami itace.

Akwai kuma batun mallaka. A wurare da dama na ƙasar Hausa, mai gona daban ne, mai kuka ko ɗorawar da ke cikinta daban, domin akan gaji bishiya ita kaɗai. Reshen da ya ƙetara katanga ma ba a sare shi sai da sanin maƙwabci, kuma bishiyar bakin titi ko ta gandun daji sai da izinin hukuma. Tsare bishiya da doka ba baƙon abu ba ne. Ana ba da labarin cewa sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 sun sanya hukunci mai tsanani a kan saran gawo, saboda ganyensa da ke zuba da damina yana takin gona, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. A yankin Maraɗi kuwa, tun daga 1983, wani masanin noma ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya ƙarfafa wa manoma gwiwa su daina tumɓuke kututture, su zaɓi 'yan tsirai masu ƙarfi su bari, su yanke sauran. An ƙiyasta cewa wannan hanya ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, kuma da adda da wuƙa aka yi aikin.

Haɗurra

Faɗowa ita ce babban haɗari. Masu hawan kuka kan kafa turaku a jikinta su taka, amma itacen kuka laushi gare shi, tsohon turke kan zare ba tare da alama ba. Reshen da gara ta cinye cikinsa yakan yi kama da lafiyayye daga waje, don haka ake ƙwanƙwasa shi da ƙotar gatari a saurari amonsa kafin a ɗora masa nauyi. Ƙudan zuma da rina da maciji ba kasafai su ke kashe mai hawa da kansu ba, firgitar da kan sa ya saki hannu ita ce matsalar. A Ingila, inda aka kafa dokar aiki a wuri mai tsawo a 2005, ƙa'idar sana'ar ita ce mai hawa ya ɗaure kansa da igiya a wuri biyu yayin yanka, kuma a sami wani a ƙasa wanda ya iya hawa ya sauko da shi idan ya ji rauni.

Wayar lantarki ta fi kome saurin kisa. Wayoyin da ke ratsa unguwanni a saman dogayen turaku kan ɗauki wuta mai ƙarfin bolt 11,000 ko 33,000, kuma ɗanyen reshe yana ɗaukar wuta saboda ruwan da ke cikinsa. Ɗaukewar wuta ba hujja ba ce ta hawa, domin ana iya dawo da ita a kowane lokaci. Sai kamfanin rarraba wuta ya kashe layin, ya kuma tabbatar.

Injin zarto ya kawo nasa haɗarin. Idan saman hancinsa ya taɓa itace, yakan yi tsalle baya zuwa fuskar mai riƙe da shi cikin ƙiftawar ido, shi ya sa ba a riƙe shi da hannu ɗaya, ba a kuma ɗaga shi sama da kafaɗa. Wajen kayar da bishiya baki ɗaya, ana nisanta 'yan kallo da tazarar tsawonta sau biyu, mai yanka kuma ya share hanyar gudunsa tun kafin ya fara.

A Harabar Makaranta

Malami na iya samun kansa yana kula da irin wannan aiki, tun da mafi yawan makarantu suna da manyan itatuwa da ɗalibai ke zama ƙarƙashinsu, wani lokaci ma nan ne aji. Al'adar tura yaro ya hau bishiya ya saro reshe, ko don horo ko don aikin ranar shara, ɗora wa yaro aikin da manya kan mutu a cikinsa ne, kuma alhakin yana wuyan malamin da ya tura shi. Abin da ya dace shi ne a duba itatuwan makaranta a ƙarshen rani, kafin guguwar bazara ta fara, a nemi busassun rassa da tsagewa da ƙasar da ta ɗago a gindi. Idan akwai aikin da za a yi, a kira wanda ya san shi, a sanya shi ranar hutu, lokacin da babu ɗalibi ko ɗaya a harabar.