Gwajin Ƙwayoyin Gado da Ƙwaƙwalwar Ɗan Tayi: Ina Gaskiya, Ina Ƙarya?

A Yalwa da sauran garuruwan Rano da Kibiya, da zarar an ce mai ciki ta wuce Kano don ƙarin bincike, sai maganganu su riga ta zuwa tasha. Tsoron da suke jawowa ya hana mata da dama zuwa. Bari mu tace su ɗaya bayan ɗaya.

"Hoton ciki yana ƙona ƙwaƙwalwar jariri." Ƙarya ce. Da sauti na'urar ke aiki, ba da hasken hoton ƙashi ba. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta yi hoto kafin mako 24. Tsakanin mako 18 zuwa 22 ake iya ganin ruwa ya taru a kai, ko ƙoƙon kai bai haɗu ba, ko gadon baya ya buɗe.

"Gwajin kafin aure ya wadatar." Ba haka ba ne. Dokar gwajin da Gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a 2024 ta shafi sikila da ƙanjamau da ciwon hanta da makamantansu. Ma'aurata masu AA, wato marasa sikila, na iya haifar ɗa mai tawayar ƙwaƙwalwa.

"Allurar zuƙo ruwan mahaifa tana ɓarar da ciki." Da ƙanshin gaskiya, amma an zuzuta. Daga mako 15 ake yin ta, likita na kallon allurar a na'ura, a ɗebi ruwa kaɗan a duba ƙwayoyin gadon ɗan. Haɗarin ɓari bai kai ɗaya cikin ɗari ba, kuma sai da yardar mai ciki.

"Tawayar ƙwaƙwalwar ɗa laifin uwa ne, ko aljanu suka shafe ta." Wannan zalunci ne. Rabin ƙwayoyin gadon ɗa daga uba suke. Wani lokaci ma ba gado ba ne: ƙarancin sinadarin folik asid na jawowa, haka cutar da ta kama uwa, kamar Zika da ta bar jarirai masu ƙananan kawuna a Brazil a 2015.

"Auren zumunci ne ke kawo tawayar." Yana ƙara haɗarin wasu cututtukan gado, gaskiya ne. Amma yawancin 'ya'yan auren zumunci lafiya ƙalau ake haifar su. Dangin da abin ya maimaitu a cikinsu su ne suka fi buƙatar shawarar likita.

"Sanin ba shi da amfani." Yana da shi ƙwarai. Mai ɗauke da ɗa mai ruwa a kai za ta shirya haihuwa a babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, maimakon doguwar naƙuda a ɗaki. Ana yi wa irin waɗannan jarirai aikin da ke janye ruwan.

Tushen ƙwaƙwalwa da laka yana rufewa cikin kwana 28 na farko, sau da yawa kafin mace ta san ta ɗauki ciki. Don haka duk mai neman haihuwa ta fara shan folik asid kullum tun yanzu, maigida kuma ya kai ta awo da wuri.