Daga Gidan Tarihin Cakulan na Kolon Zuwa Fulotin Funtua

 Tafiyar yau mai nisa ce. Za mu leƙa birnin Kolon na ƙasar Jamus, amma a Funtua za mu kwana.

A bakin kogin Rayin akwai wani gini mai siffar jirgin ruwa da ya yada zango. Gidan tarihin cakulan ke nan, wanda wani attajiri mai kamfanin cakulan, Hans Imhoff, ya buɗe a 1993. Tun daga ƙofa ƙamshi ke yi wa baƙo maraba. Can ciki akwai wani marmaro mai tsayin mita 3, wanda narkakken cakulan kimanin kilo 200 ke gudana a cikinsa. Ma'aikaciya na tsaye a gefe, tana tsoma ɗan biskit tana miƙa wa duk wanda ya matso, yara kuwa sai lasar yatsa suke.

Akwai kuma ɗakin gilashi da ake hura wa ɗumi da laima don itacen koko ya rayu. Ba kokon da muke sha da ƙosai ba, wanda ake yin cakulan da ƙwayarsa. Baƙo zai ga yadda ake gasa ƙwayar, a niƙa, a haɗa da sukari da madara, har ta fito a ƙunshe. Fiye da mutum rabin miliyan ke biyan kuɗi su shiga duk shekara.

To mai sauraro, ko buhu ɗaya na koko ba a nomawa a gonakin Jamus. Kodebuwa da Gana ne ke noma kimanin rabin na duniya, mu ma ana noma shi a Ondo da Kuros Riba. Gumin yana Afirka, amma labarin da kuɗin kallo suna Kolon.

Mu dawo gida. Mu ma muna da namu amfanin gonar da ya ƙetare teku, wato auduga. Ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta BCGA da aka kafa a Mancesta ta Ingila a 1902, ita ta girka injinan gurza a Funtua da Malumfashi. A Daudawa aka yi gonar iri. Jirgin ƙasa ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtua, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, yana kwasar dila-dila zuwa bakin teku. A 1978 aka kafa masaƙar Funtua.

Ku tambayi dattawan Bakori ko Ƙafur yadda fuloti, wato kasuwar awon auduga, yake a da. Tun asuba jakuna sun yi layi, malamin awo na cusa hannu cikin buhu yana neman datti, manomi na tsaye zuciya na dukan uku-uku, ko za a ce tasa lamba ɗaya ce. Da kuɗin nan ake biyan haraji, a yi aure, a sayi keke.

Kafin zuwan Bature ma, iyayenmu mata sun san kan auduga. Na tashi na tarar da kakata da magurjinta, tana fitar da gurya, ta yi shiɓa, ta dangwali alli, ta murza mazari, zare na fita sumul. Yau masara da waken suya sun cinye yawancin gonakin, yaro ɗan shekara 15 kuma bai taɓa ganin mazari ba.

Shin ba za mu iya ware ko da ɗaki biyu a Funtua ba? A ajiye sikelin fuloti, da ƙoshiyar masaƙi, da gwadon saƙi, a shuka kunya biyu ta auduga a tsakar gida, a zaunar da tsohuwa tana kaɗi 'yan makaranta na kallo. Jamusawa sai da suka gina ɗakin gilashi kafin koko ya rayu musu. Mu ruwan damina ya ishe mu.

Kafin hukuma da masu hali su motsa, aikin yana hannunmu. In akwai mazari ko magurji a gidanku, ku adana shi. In akwai dattijon da ya kai kaya fuloti, ku zauna gabansa da waya, ku ce, "Baba, ba mu labari," ku naɗi muryarsa tun yana da ƙarfin faɗa.

Nan za mu dasa aya.