Ƙananan Hukumomi da Kuɗin Shiga: Ina Aka Kwana?

Ran 11 ga watan Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan rabonsu daga Asusun Tarayya kai tsaye, ba sai kuɗin sun bi ta hannun gwamnatocin jihohi ba. Jama'a sun yi marhabin da wannan hukunci. Amma akwai tambayar da ta kamata ma'aikaci da ɗalibi su yi: shin karɓar kuɗi daga Abuja kaɗai ya isa a ce hukuma ta tsaya da ƙafafunta?

A zamanin En'e, abin da aka tara a ƙasa da shi ake riƙe ƙasa. Tun wajen 1911 aka soma kafa Baitulmali a masarautun Arewa. Masu unguwa da dagatai da hakimai su ke tara haraji da jangali, ma'aji ya ajiye, En'e ta riƙe kasonta ta miƙa wa Gwamnati saura. Da wannan kaso ake biyan alƙalai da 'yan doka da malaman elementare, a haƙa rijiyoyi, a gina ɗakunan shan magani. Sai dai an sha zaluntar talaka wajen karɓa, shi ya sa murna ta game gari sa'ad da Gwamna Abubakar Rimi na Kano da Gwamna Balarabe Musa na Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979.

Gyaran da gwamnatin Janar Obasanjo ta yi a 1976 shi ya mai da ƙaramar hukuma mataki na uku na mulki, mai haƙƙi a cikin kuɗin Tarayya. Rabon ya tashi daga kashi 10 cikin 100 a farkon shekarun 1980 zuwa kashi 20 a 1992, daga baya ya kai kashi 20.60. Da kuɗin man fetur suka yawaita, sai aka yi sakaci da na gida. Daɗin daɗawa, sashe na 162 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, inda aka daɗe ana kukan cewa kuɗi na shiga da ƙiba su fito a rame. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shugaban da abincinsa ke hannun gwamna, gwamna zai yi wa aski, ba mutanen da suka zaɓe shi ba.

Alhali kuwa hanyoyin samu na gida ba su ƙare ba. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulki ya danƙa wa ƙaramar hukuma kasuwanni da tashoshin mota da mayanka, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da lasisin kekuna da amalanke, da ƙiyasta kuɗin da za a ɗora wa gidaje. Duk wanda ya ga hatsin da ake lodi a Dawanau, ko shanun da ake cinikinsu a Maigatari da Potiskum, ya san akwai arziki a ƙasa. Matsalar ita ce yoyo. A wurare da dama babu cikakken lissafin rumfuna da gidaje, ana yanka rasit na jabu, ana bai wa 'yan siyasa kwangilar karɓa su kawo abin da suka ga dama. Wasu jihohin kuma sun karɓe manyan kasuwanni da tashoshi, sun bar wa hukuma ƙashi babu tsoka.

Maganin ba ƙara wa talaka sabon kaya ba ne. Da farko a ƙirga rumfuna da shaguna da gidaje, a rubuta su a rajista. Na biyu, a riƙa biya ta banki ko ta wayar hannu, don kuɗi su daina kwana a aljihun mai karɓa. Na uku, kowane wata a manna lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita a ƙofar sakatariya, odita kuma ya yi aikinsa ba sani ba sabo. Na huɗu, a kashe wani kaso a wurin da aka tara shi, watau kuɗin kasuwa su zama magudanar ruwa da bayan gida da fitila a kasuwar.

Ranar da mai sayar da daddawa ta ga abin da kuɗinta suka gina, za ta biya ba da gardama ba, za ta kuma sami bakin tambayar kansilanta inda saura suka shiga. Kotu ta yi nata. Saura na shugabanni da ma'aji da mu masu biya.