Takardun Kakanninmu Ba Na Ƙunshe Ƙosai Ba Ne

Jama'a, 'yan kasuwa maza da mata na Madawa, Buza da Keita, ko kun san akwai gida a Yamai da ba a ajiye komai a cikinsa sai tsofaffin takardu? Shi ne gidan adana takardun tarihi na ƙasa. A can ake iske rahotannin da kumandojin Faransa suka rubuta kan garuruwan da suka mulka: ƙidayar jama'a, kuɗin lanho, naɗin sarakuna, rikicin gona da na kiwo, da labarin shekarun yunwa irin ta 1931. Wasu takardun namu kuma suna Dakar, domin can ne babban gwamnan Afirka ta Yamma yake zaune a lokacin mulkin mallaka.

Amma wannan bakin Bature ne. Bakin kakanninmu yana wani gidan, wato cibiyar bincike ta IRSH, ƙarƙashin Jami'ar Abdou Moumouni. Marigayi Boubou Hama, wanda ya shugabanci Majalisar Dokoki har zuwa 1974, shi ya dage wajen tattara rubuce-rubucen hannu daga malamai. Akwai kimanin 4000 a wurin, da Larabci da ajamin Hausa, Fulatanci da sauran harsunanmu. Akwai fiƙihu, tarihi, ilmin taurari, magani, waƙoƙi da wasiƙu.

To, ina namu na Adar da Gobir? Sau da yawa yana cikin gafaka ko tsohuwar adaka a ɗakin tsoho. In malami ya rasu, magada su raba gona da dabbobi, takardu kuwa a bar wa gara da yoyon damina. Wasu ma sai su ƙare a kasuwa, ana ƙunsa ƙosai da gyaɗa da su. Alhali a ciki ana iya samun shaidar rabon gado, ko ta iyakar gonar albasa, ko lissafin bashin wani fatake. Ranar da rikici ya tashi, takardar da aka ƙunsa ƙosai da ita ba ta dawowa.

Don haka, uwargida, kafin ki yaga tsohuwar takarda, nuna wa mai karatu ya duba. Maigida, ka naɗe naku cikin ƙyalle mai tsabta, ka ɗora sama, nesa da ƙasa da laima. Yara masu waya su ɗauki hoton kowane shafi. Abin da gara ta ci, ko Yamai ba ta da madadinsa.

Allah ya jiƙan magabata, ya ba mu ikon riƙe amanarsu.